Yadda Ake Koyar da Tarihin Yaƙin Ramuka da Farantin Yashi a Makarantun Zango

Duk malamin tarihin da ya taɓa tsayawa gaban aji a Aboabo ko Asawase, unguwannin zango na Kumasi a Ghana, yana bayanin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya san tambayar da ke tasowa daga bencin baya, wato me ya sa miliyoyin sojoji masu hankali suka shige rami suka zauna shekara huɗu suna fuskantar juna, ba su ci gaba ba, ba su kuma koma gida ba. Amsar da aka saba bayarwa ita ce manyan hafsoshin wancan zamani ba su da tunani. Wannan amsa tana rufe bakin yaro, amma ba ta koya masa komai, domin da wauta ce kawai ta tsare su a rami, da ba a sake ganin soja cikin rami ba bayan 1918. Na daɗe ina koyar da wannan babi a Kumasi, kuma hanyar da na ga ta fi zama a kan ɗalibai ita ce a bar su su gano da hannunsu cewa idan wutar makami ta fi ƙarfin ƙafar mutum, kuma babu hanyar zagayawa, to dole a haƙa ƙasa.

Kayan aikin ba su da tsada. Ana buƙatar babban faranti irin na masu tallar burodi, ko akwatin katako marar zurfi da kafinta zai haɗa, da yashi mai ɗan laima wanda zai riƙe siffa, da tsinkayen tsintsiya, da zare, da marafan kwalba launi biyu, da kwalayen ashana uku ko huɗu, da taswirar Turai. Zama uku a makaranta da fita ɗaya zuwa Adum, a tsakiyar birnin Kumasi, sun wadatar.

A fara daga Madina

Kada malami ya buɗe darasin da Faransa. Yaranmu sun riga sun san wani yaƙin rami tun daga makarantar allo da Islamiyya, wato Yaƙin Gwalalo na shekara ta 5 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da 627, lokacin da rundunar ƙawance ta kusan mutum 10,000 ta nufo Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba, Salmanul Farisi ya ba da shawarar a haƙa gwalalo kamar yadda Farisawa suke yi. A bar ɗalibai su ba da labarin da bakinsu, sannan a tambaye su abin da galibi ba a tambayarsu: me ya sa aka haƙa ramin a arewacin garin kawai? Idan sun yi shiru, a zana musu ƙasar a kan yashi, a nuna cewa duwatsun baƙin dutse da gonakin dabino da gine-gine sun tsare sauran sassan, ta yadda mahayan dawaki ba su da mashiga sai ta fili guda. Wannan shi ne darasi na farko, kuma a kansa za a ɗora sauran: rami yana aiki ne idan gefensa biyu sun jingina da abin da ba a iya ratsawa. A wannan zaman ƙasa kawai ake zanawa, ba a sa marafan kwalba a matsayin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko sahabbansa, domin ladabi.

Daga nan sai a nuna bambancin da ke tsakanin ramuka iri biyu, saboda yara suna yawan cakuɗa su. Gwalalon Madina, da wanda ke kewaye da ganuwar Kano ko Katsina ko Zazzau, shinge ne da aka haƙa don doki da mai tsani, masu tsaro suna tsaye a bayansa. Ramin 1914 kuwa mazauni ne, soja yana cikinsa, a nan yake ci, a nan yake barci, domin abin da yake gudu harsashi ne. Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne igwa. Doguwar ganuwa tana kare gari daga kibiya da mashi, amma ga mai igwa ta zama abin saiti da ake hangowa daga nesa, kamar yadda aka gani a Kano a watan Fabrairu 1903, inda ’yan igwogin Turawa suka fasa ƙofa aka shiga birnin a yini guda. Tun da igwa ta yi ƙarfi, kariya ta daina hawa sama, ta koma tana nutsewa ƙasa.

Tarihin da ke tsakani ba ya buƙatar dogon tsayawa. Ya isa a ambaci Vauban, injiniyan sarkin Faransa Louis na 14, wanda a kewayen Maastricht a 1673 ya tsara yadda ake matsowa kusa da ganuwa ta ramuka masu lanƙwasa, sannan Sevastopol a 1854 zuwa 1855, da Petersburg a yaƙin basasar Amurka a 1864 zuwa 1865, da Magersfontein a Afirka ta Kudu a Disamba 1899, inda Buwa, wato fararen fatar ƙasar masu asali daga Holan, suka haƙa ramukansu a gindin tudu maimakon kansa suka yi wa sojan Birtaniya mummunar ɓarna, da Port Arthur a yaƙin Rasha da Japan a 1904 zuwa 1905. Manufar jera su ita ce ɗalibi ya gane cewa alamun abin da zai faru a 1914 sun shekara sittin suna bayyana.

Kumasi a 1900

Misalin da ya fi kowanne amfani yana ƙarƙashin ƙafafunmu. A ƙarshen Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya, alamar sarautar Asante mai alfarma, ya zauna, abin da ya tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa ta Ejisu ta jagoranta. Asantawa suka tsare gwamnan a cikin sansanin da ke Adum, suka kuma gina manyan shingaye a kan hanyoyin da ke shigowa gari. Sun yi su da gungumen itatuwa jeri biyu, suka cika tsakaninsu da ƙasa da duwatsu, tsayinsu kamar na mutum, kaurinsu ma kusan haka, da kafofin da ake zura bakin bindiga, da ramuka a baya inda maharba ke fakewa. Ƙananan igwogin da Turawa suka zo da su sun kasa rushe su, kuma duk rundunar da ta tunkare su gaba da gaba ta sha wuya. Abin da ya karya su daga baya shi ne sare hanya ta cikin kurmi a ɓullo ta gefen shingen, a auka wa masu tsaronsa da wuƙar bakin bindiga. Hodgson ya fice da wasu mutanensa a watan Yuni, rundunar Kanar Willcocks kuma ta iso sansanin a tsakiyar Yuli.

A gina irin wannan shinge a kan faranti da tsinkaye, a ba ɗalibi marafai goma a ce ya ƙwace shi. Kusan kowane yaro zai zagaya, ba sai an gaya masa ba. A yaba masa, a ce ya riƙe wannan dabarar, domin a zama na gaba za a raba shi da ita.

Akwai abin da ya kamata malami ya faɗa a nan ba tare da kwana-kwana ba. Yawancin sojojin da suka yi wa Turawa wannan yaƙi ana kiransu Hausawa ne, kodayake sunan ya haɗa da Dagombawa da Mosawa da Gurunsawa da sauran mutanen arewa waɗanda Hausa ce harshen barikinsu. Wasu daga cikin gidajen zangonmu daga waɗannan sojoji suka samo asali. Mu baƙi ne da suka zama ’yan gari a ƙasar Asante, kuma a ajin da ke da yaran ɓangarorin biyu, gaskiya cikin natsuwa ta fi ɓoye-ɓoye.

Lissafi a filin ƙwallo

Zama na biyu a waje ake fara shi. A auna mita 200, wato kusan tsawon filin ƙwallo sau biyu, wanda bai yi nisa da faɗin filin da ke tsakanin ramukan ɓangarorin biyu a wurare da yawa ba. A ɗora wa ɗalibi jakarsa cike da littattafai, a ce ya taka da sauri, wani kuma ya riƙe agogo. Sojan Birtaniya a yaƙin Somme, a Faransa a 1916, yana ɗauke da kaya kusan kilo 30, amma kada a ɗora wa yaro irin wannan nauyi, faɗa masa kawai ya isa. Zai ɗauki minti biyu zuwa uku a busasshiyar ƙasa marar cikas. Sai a koma aji a rubuta a allo cewa ƙwararren soja mai bindigar hannu yana harba harsashi 15 da saiti a minti guda, mashinga kuwa, wadda Hiram Maxim ya ƙera ta farko a 1884, tana zubar da kusan 500. A bar ɗalibai su ninka da kansu. Mashinga ɗaya tana iya sakin harsashi 1,500 kafin mutum ya ƙetare, kuma ba ɗaya ake girkawa ba, ana jera su ne ta yadda wutar wannan za ta gitta da ta waccan. A ƙara musu waya mai ƙaya, wadda manoman Amurka suka fara amfani da ita don tsare shanu a shekarun 1870, wadda a fagen yaƙi aikinta shi ne ta tsayar da mutum daidai inda aka saita bindiga. A ƙara albarushi marar hayaƙi, wanda ya sa ba a gane inda maharbi yake, da igwar Faransa ta 1897 mai bakin milimita 75, wadda ba ta gocewa daga saitinta bayan kowane harbi. Igwa ce ta kashe mutane fiye da kowane makami a wannan yaƙin, kuma saboda ita aka fi zurfafa rami.

Yanzu a ɗauko taswira. A watan Satumba 1914 Faransa da Birtaniya suka tsayar da Jamus a kogin Marne, Jamusawa suka ja baya zuwa tuddan kogin Aisne suka haƙa rami. Kowane ɓangare ya yi abin da ɗalibinmu ya yi wa shingen Asantawa, wato ya nemi zagayawa ta arewa, abokin gaba ma ya miƙa nasa layin ya tare, haka suka yi ta yi har suka dangana da teku a Beljiyam. Kafin shekara ta ƙare, layin ramuka ya miƙe kusan kilomita 700 daga Tekun Arewa zuwa iyakar Suwizalan. Teku a hannu ɗaya, ƙasar da ba ta shiga yaƙi ba a ɗaya hannun. A ja layi daga wannan bakin faranti zuwa wancan, a sake ba yaron marafansa a ce ya zagaya. Shirun da zai yi a wannan lokaci ya fi duk bayanin da malami zai iya yi. Don ƙarfafa hujjar, a nuna cewa a fagen gabas, tsakanin Jamus da Ostiriya da Rasha, inda ƙasa ta yi faɗi ƙwarai har sojoji ba su isa su cike ta ba, an haƙa ramuka amma runduna ba ta daina motsi ba.

Gina ramin

A nan ya kamata a daɗe, saboda kowace siffa ta ramin amsa ce ga wani hatsari, kuma ɗalibi yana iya gano hatsarin idan aka tambaye shi. A fara haƙa miƙaƙƙen layi da bayan cokali, a tambaya abin da zai faru idan harsashin igwa ya faɗa ciki, ko abokin gaba ya shigo ƙarshensa da bindiga. Za su ga cewa wuta za ta share shi daga farko har ƙarshe. Sai a rushe a sake haƙawa da lanƙwasa kamar haƙoran zarto, kowane ɗan taƙi da kwana, yadda ɓarna za ta tsaya a sashe guda. Zurfin rami na gaske ya kan wuce tsayin mutum, kusan mita biyu ko fiye, don haka ake barin dakali a bangon gaba wanda soja zai taka ya yi harbi. A tara yashi a bakin gaba a matsayin buhunan ƙasa, a tara wani a baya, wanda ke tare ɓarɓashin abin da ya fashe a baya, yake kuma hana a hango kan soja a sararin sama.

Ba layi ɗaya ake yi ba. A haƙa na gaba, da na tallafi a bayansa, da na ajiya can baya, a haɗa su da ramukan zirga-zirga waɗanda ta cikinsu ake kawo abinci da ruwa da harsashi, ake kuma fitar da masu rauni. A kafa tsinkaye a gaba a zagaya su da zare. A tura kwalin ashana a jikin bango a matsayin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a gaya wa ɗalibai cewa na Jamusawa a Somme, waɗanda aka fafe cikin farin dutse mai taushi, wasu sun kai zurfin mita 10. Jamusawa sun fi kyautata ramukansu domin sun zaɓi tuddai kuma sun zo da niyyar zama a ƙasar da suka ci, su kuwa Faransawa da Ingilishi suna ɗaukar ramin masauki ne na ɗan lokaci kafin su kori baƙo.

Bayan an gama, a zuba kofin ruwa a hankali. Yaron da ya san yadda Aboabo ke zama idan an yi ruwan sama mai ƙarfi ba ya buƙatar a fassara masa abin da yake gani. Ƙasar Flanders, a arewacin layin ramukan, shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yana kusa da sama, har a wasu wurare ba a iya haƙawa sai dai a tara buhuna a yi bango. Ana shimfiɗa katakai a ƙasan rami, amma duk da haka tsayuwa cikin ruwan sanyi kwana da kwanaki tana ruɓar da ƙafa har a yanke ta. Ga ƙwarƙwata da ke kawo zazzaɓi, ga ɓeraye da suka ƙoshi da gawa. Da asuba da magariba kowa yana hawa dakali da bindiga a hannu, domin a lokutan nan aka fi kawo hari, da dare kuma ake fita gyaran waya da leƙen asiri. Kuskuren da ya kamata a gyara shi ne zaton soja yana shekara a layin gaba. Ana juya su ne, ’yan kwanaki a gaba, wasu a tallafi, wasu a hutu a baya, in ba haka ba babu wanda zai jure.

Abin da ya hana a fasa layin

Tambayar da ke biye ita ce me ya hana a ragargaza ramin da igwa sannan a wuce. An gwada. Kafin harin Somme an yi mako guda ana luguden wuta, aka harba harsasan igwa kusan miliyan ɗaya da rabi, amma da sojojin Birtaniya suka fito ranar 1 ga Yuli 1916, Jamusawa suka hauro daga ɗakunansu na ƙasa da mashingoginsu. A wannan yini kaɗai Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, daga ciki 19,240 suka mutu. A Verdun an gwabza daga Fabrairu zuwa Disamba na shekarar, a Passchendaele kuma a 1917 mutane da alfadarai suka riƙa nutsewa cikin taɓo. Iska mai guba da Jamus ta saki a Ypres ranar 22 ga Afrilu 1915 ta buɗe giɓi, amma ba a tanadi rundunar da za ta shige ba, kafin a jima kuma kowa ya sami takunkumin fuska.

A nuna dalilan a kan faranti. A caccake filin tsakiya da yatsa, a tambaya yadda za a ja igwa da doki a bi ta nan. Luguden wutar da aka yi don buɗe hanya shi ne ya lalata hanyar, shi ne kuma ya sanar da abokin gaba inda za a fito. A shimfiɗa zare a bayan layin mai tsaro a matsayin layin dogo, a nuna cewa shi yana kawo agaji a jirgin ƙasa, mai hari kuwa yana tafe da ƙafa cikin taɓo. Sannan a zaɓi ɗalibi ɗaya ya zama janar, a fitar da shi waje, a ce ba zai san abin da ke faruwa a faranti ba sai ta takardar da wani zai kai masa bayan minti biyar. Haka abin yake: da zarar soja ya bar raminsa ya rabu da wayar tarho, sai ɗan aike da gudu ko tantabara, kuma kafin labarin nasara ya kai hedikwata giɓin ya toshe. Wasu hafsoshin sun cancanci zargi, musamman kan nacewa da hari bayan ya bayyana ba zai ci ba, amma ɗalibin da ya zama janar na minti goma ya kan sassauta hukuncinsa.

Yadda ramin ya rasa ƙarfinsa

Zama na uku shi ne na raguwar wannan salon yaƙi, kuma a nan malami ya yi hattara da amsa mai sauƙi, wato tankar yaƙi. An fara fito da ita ranar 15 ga Satumba 1916 a Somme, tana tafiya kamar mai tattaki, tana yawan lalacewa. Kwalin ashana da aka tura ya take zare zai burge yara, amma a tambaye su wa zai kare shi daga igwa, wa kuma zai riƙe wurin da ya ci. Abin da ya karya ramin taron dabaru ne da aka koya da jini. Masu igwa suka koyi tafiyar da wutarsu a hankali a gaban sojan ƙasa kamar labule, yadda mai tsaro ba zai sami sararin ɗago kai ba. Suka koyi gano igwar abokin gaba ta sautinta da walƙiyarta da hotunan jirgin sama, suka kuma koyi saiti da lissafi da taswira ba tare da harbin gwaji ba, abin da ya dawo da shammata. A Cambrai ranar 20 ga Nuwamba 1917 an haɗa wannan da tankoki kusan 400, aka fasa layin cikin sa’o’i, kodayake Jamusawa sun ƙwato yawancin wurin bayan kwana goma. Sojan ƙasa ma ya sauya, ƙananan ƙungiyoyi suka sami mashinga mai sauƙin ɗauka da gurneti da ƙaramar igwa tasu. Da irin waɗannan ƙungiyoyi Jamus ta kai harin 21 ga Maris 1918, suna sulalewa ta wuraren da ba su da ƙarfi suna barin masu ƙarfin a baya, suka ci ƙasa mai yawa, amma abinci da igwa suka kasa cim musu.

Akwai kuma abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba, wato masu tsaron da kansu ne suka fara barin dogon rami, domin jirgin sama yana ɗaukar hotonsa igwa ta bi shi. Tun 1917 Jamusawa suka koma warwatsa tsaronsu cikin zurfin kilomitoci, da ’yan ɗakunan kankare da ramukan da igwa ta bari. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. A Amiens ranar 8 ga Agusta 1918 aka haɗa igwa da tanka da jirgin sama da sojan ƙasa a tsari guda, aka ci kusan kilomita 12 a yini ɗaya, har Janar Ludendorff ya kira ta baƙar ranar sojan Jamus. A ƙarshen Satumba aka fasa layin Hindenburg, babban layin tsaron Jamus, ranar 11 ga Nuwamba aka tsagaita wuta. A tuna wa ɗalibai cewa a lokacin Jamus ta riga ta gaji, yunwa ta kama ta saboda toshe mata teku, Amurkawa kuma suna ta sauka. Abin da ya rage, wato saurin agaji da isar labari, injin mota da rediyo ne suka warware shi. Faransa ta kashe dukiya a shekarun 1930 ta gina layin Maginot na kankare da ƙarfe, a watan Mayu 1940 tankokin Jamus suka bi ta dajin Ardennes suka ƙetare kogi a Sedan, cikin mako shida Faransa ta faɗi.

Fita zuwa Adum

Gani ya kori ji. Sansanin da aka tsare Hodgson a ciki, wanda Turawa suka gina a 1897, shi ne yanzu gidan tarihin sojan Ghana, kuma akwai makamai da hotuna na yaƙe-yaƙen duniya biyu. A je a shirya da ma’aikatan wurin tun kafin ranar, a kuma raba wa kowane ɗalibi tambaya ɗaya da zai nemo amsarta, in ba haka ba ziyarar za ta ƙare a ɗaukar hoto da waya. A tsakar gidan ne ya dace a ba da labarin namu sojojin. Rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, ba ta je Faransa ba, amma Alhaji Grunshi, sojanta, shi ake ɗauka a matsayin wanda ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a duk yaƙin, a Togo a watan Agusta 1914. Ranar 22 ga watan, a kogin Chra, Jamusawa ƙalilan da suka haƙa rami suka girka mashinga uku sun tsayar da rundunar yini guda da asara mai yawa, sannan suka janye da dare, suka miƙa wuya a Kamina ranar 26. Daga nan barikin Kamina na Tamale ya sami sunansa. A Kamaru, harin farko da sojan Nijeriya suka kai wa ramukan Garwa a Agusta 1914 ya ci tura, garin bai faɗi ba sai Yuni 1915, dutsen Mora kuwa sai Fabrairu 1916. Ɗaliban da kakanninsu suka fito daga ƙasashen da Faransa ta mallaka, irin su Burkina Faso da Nijar da Mali na yau, su san cewa daga can an kwashi mutane da yawa zuwa ramukan Turai, kuma sun sha sanyi da wuta a Chemin des Dames a Afrilu 1917.

A hanyar dawowa wani zai ce ya ga sojoji cikin rami a Yukren a wayarsa, ya tambaya ina raguwar da aka ce. Kada malami ya amsa. A koma kan faranti a jera masa Koriya daga 1951 zuwa 1953, da Iran da Iraki daga 1980 zuwa 1988, da Habasha da Eritiriya daga 1998 zuwa 2000, da gwalalon da aka haƙa kewaye da garuruwan Borno a shekarun nan, a ce ya ware wanne ne shinge irin na Madina, wanne ne mazauni irin na 1914. Sannan a ɗaura marfin kwalba a zare a rataye shi bisa farantin a matsayin jirgi marar matuƙi, wanda ke ganin duk kwalin ashanar da ya motsa, a binne ’yan tsakuwa a filin tsakiya a matsayin nakiya. Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya rubuta shafi ɗaya yana bayanin abin da zai yi da marafansa goma, da abin da yake buƙata kafin ya yarda ya fito da su daga rami. A rufe farantin da buhu mai laima don kada yashin ya bushe kafin su kawo amsoshinsu a gwada.